Murfin Tankin Mai da Wutar Cek Injin: Tambayoyi da Amsoshi

Wutar cek injin ita ce 'yar fitilar nan ruwan ɗorawa, mai siffar inji, da ke kamawa a gaban direba. Da ta kama, hankalin mai mota yakan tashi, ya fara lissafin kuɗin gyara tun bai san abin da ya lalace ba. Wani lokaci murfin tankin mai ne kawai bai rufu da kyau ba. Wani lokacin kuma murfin ba ruwansa, sai an sayi sabo an ɗaura a ga wutar tana nan daram. Ga tambayoyin da masu mota suka fi yi a kan wannan batu.

Me ya haɗa murfin tanki da inji, har wuta za ta kama saboda shi?

Fetur ba ya zama shiru a cikin tanki. Kullum yana fitar da tururi, kuma idan rana ta take sai tururin ya ƙaru. A motocin da, wannan tururi iska yake bi ya tafi. Daga baya hukumomin kare muhalli a Amurka suka hana, saboda yana cikin abubuwan da ke gurɓata iskar birane. Sai masu ƙera motoci suka rufe tankin ruf, suka ja tiyo daga tankin zuwa wani ɗan akwati cike da gawayi, wanda ake kira kanista. Gawayin ne ke tsotse tururin ya riƙe. Idan inji ya yi zafi ana cikin tafiya, sai kwamfutar motar, wadda bakanikai ke kira biren bos, ta buɗe wani bawul, inji ya zuƙe tururin ya ƙone shi tare da sauran mai. Wannan tsari gaba ɗaya shi ne EVAP.

Daga motocin 1996 zuwa sama, doka ta tilasta wa duk motar da za a sayar a Amurka ta zo da tsarin binciken kai da ake kira OBD-II. Cikin ayyukansa har da gwada ko akwai inda tururin ke tsiyaya. Motar takan toshe kowace ƙofa, ta zuƙe iskar tankin ko ta matsa ta, sannan ta saurara ta ga ko matsin zai tsaya yadda yake. Idan ya zube, akwai kafa ke nan. Kafar da ake nema ba babba ba ce: da farko mai faɗin kusan milimita 1 ce, daga baya aka tsananta zuwa kusan rabin milimita. Murfin da ba a murɗa ya kai ƙarshe ba, ko wanda robarsa ta tsage, ya isa ya kayar da motar a wannan gwaji. Kwamfutar ba ta san murfi ba ne ko tiyo, abin da ta sani shi ne tankin ba ya riƙe iska, sai ta kunna wuta.

Kowace mota ce take yin haka?

A'a, kuma a nan ne mutane da yawa suke asarar kuɗinsu. Wannan gwajin tsiyaya dokar Amurka da Kanada ce. Turai tana da nata tsarin binciken kai, wanda ya zama dole ga motocin fetur daga 2001, amma bai tilasta neman kafar tururi ba. Saboda haka motar da aka ƙera don kasuwar Turai, irin Golf ko Peugeot ko Opel da aka shigo da ita daga Baljiyam ko Jamus, galibi ba za ta kunna wuta don murfi ya yi sako-sako ba. Haka yawancin motocin da aka ƙera don Gabas ta Tsakiya da Afirka. Motar dizal kuwa ba ta da wannan tsari sam, domin man dizal ba ya tururi kamar fetur.

Waɗanda batun ya fi shafa su ne masu Camry, Corolla, Sienna, Highlander, Accord, Civic, Lexus da makamantansu da aka sayo daga Amurka, ko ta Legas suka shigo ko ta Kwatano. In kana shakkar asalin motarka, buɗe bonet ka duba: motar kasuwar Amurka tana da takarda manne da ke bayanin tsarin hayaƙinta da Turanci, kuma agogon gudunta mil ne a manyan lambobi.

Ta yaya zan gane cewa murfin ne?

Fara da tuna ranar da ka sha mai. A gidajen manmu direba ba ya fita daga mota, mai zuba man ne ke buɗewa ya rufe, ga layi a bayanka, ga wani yana ta danna ham. Sau da yawa ɗora murfin kawai yake yi ya ɗan juya, ya buga ƙofar tankin ya ce a tafi. Wutar kuma ba nan take take kamawa ba. Sai motar ta yi gwajin ta faɗi, yawanci har sau biyu a jere, saboda haka tana iya kamawa bayan kwana ɗaya ko biyu, lokacin da ka riga ka manta da zancen gidan mai.

Alamun da ke nuna murfin su ne: wutar tana tsaye ba ta kiftawa, motar tana tafiya lafiya ƙalau, silo (juyin inji idan ba a taka totur ba) daidai, ba jijjiga, ba ƙarin shan mai, sai dai wataƙila ka ji warin fetur ta gefen tankin idan ta daɗe a rana. Wasu motocin ma suna faɗa maka ƙarara. Honda da yawa sukan rubuta saƙo a dashbod cewa a duba murfin mai ko a ƙara ɗaure shi, wasu kuma suna da wata 'yar fitila daban mai hoton murfi.

Amma tabbas ba ya samuwa sai an jona motar da kwamfutar bincike an karanta lambar matsalar da kwamfutar motar ta ajiye.

Waɗanne lambobi ne ke nuna murfi?

P0457 ita ce ta fi kusa, domin ma'anarta tsiyayar da ta yi kama da murfi a buɗe ko a sake. P0455 babbar kafa ce, kuma murfi ne abu na farko da ake zargi idan ta fito. P0442 ƙaramar kafa ce, P0456 kuma 'yar mitsitsiya. A nan murfin na iya zama sanadi idan robarsa ta bushe, amma tiyo ko bawul ma suna kawo su. P0440 tana cewa akwai matsala a tsarin ba tare da ta nuna wuri ba. P0441 da P0446 sun fi karkata ga bawul-bawul ɗin da kanista, ko da yake a wasu Toyota sukan fito tare da sauran idan murfi ya lalace.

Idan lambar da ta fito P0300 ce zuwa P0306, inji ne ke misin, wato mai ba ya ƙonewa daidai a cikinsa, zancen fulogi ne ko koyil ko nozul. P0171 tana nufin iska ta yi wa mai yawa. P0420 kuma zancen katalis ne, abin da ke cikin salansa wanda bakanikai ke kira indomi. Duk waɗannan, ko murfi goma ka saya ba za su tafi ba.

Wurin jona kwamfutar yana ƙarƙashin sitiyari, wani soket ne mai ramuka 16. Akwai 'yan ƙananan na'urori masu araha da ake soka masa, su haɗu da waya ta Bluetooth su nuna lambar. Duk mai motar Amurka ya kamata ya ajiye ɗaya, ko ba don komai ba don ya shiga gareji yana sane da abin da ya kawo shi. In kuma wani ne zai karanta maka, ka ce ya nuna maka lambar ka rubuta ta kafin ya goge. Wasu da sun jona sai su danna gogewa, wuta ta mutu, a karɓi kuɗi, bayan mako guda ta dawo ba wanda ya san abin da ta faɗa.

Kafin in sayi sabo, me zan duba a tsohon?

Kashe inji, ka cire murfin ka juya shi. Akwai zoben roba a ƙasansa, shi ne ke zama a kan bakin tankin. Murza shi da yatsa. Roba mai lafiya tana da laushi, in ka danna ta sai ta dawo. Wadda ta mutu takan yi tauri, ta shafe ta yi lebur, in ka ɗan lanƙwasa ta a haske sai ka ga tsagu ƙanana sun buɗe baki. Zafinmu yana saurin kashe roba, ƙurar hunturu kuma takan taru a wurin ta haɗu da danshin mai ta zama wani ɓawo mai ƙasa-ƙasa. Tsakuwar yashi ɗaya a kan zoben ta isa ta hana shi zama.

Goge robar da bakin tankin da tsumma mai tsabta mai ɗan danshi, kana gogewa zuwa waje don kada dattin ya faɗa ciki. Duba ko igiyar da ke riƙe murfin ba ta maƙale a ƙarƙashinsa ba, domin wannan yana faruwa fiye da yadda ake zato. Shafa bakin ƙarfen ka ji ko akwai tsatsa ko lotsawa. Sannan ka mayar da murfin a miƙe, ka murɗa har ka ji ya yi ƙaras. Wasu murafun ƙara ɗaya ake so, wasu uku, kuma yawanci an rubuta a jikinsu. Idan yana ta juyawa bai taɓa kamawa ba, ko ya yi ƙarar alhali kana iya girgiza shi, ya gama aiki.

Na ɗaure shi da kyau, ko na sa sabo, amma wutar ba ta mutu ba. Me ya sa?

Domin motar ba ta yarda da maganarka ba sai ta gwada da kanta. Ƙa'idar ita ce sai ta ci gwajin sau uku a jere kafin ta kashe wutar, kuma ba kowane tashi take yin gwajin ba. Akwai sharuɗɗa. Motoci da yawa suna so man tanki ya kasance tsakanin kashi 15 zuwa 85 cikin ɗari. Wanda kullum tankinsa ke ƙasa, yana shan na yau da gobe, kamar yadda da yawa suka koma yi tun da aka cire tallafin mai a 2023, motarsa na iya ɗaukar makonni ba ta yi gwajin ba. Suna kuma so inji ya huce sosai, yanayi kuma kada ya yi zafi da yawa.

Wannan sharaɗi na ƙarshe ya shafe mu ƙwarai. Toyota da yawa na shekarun baya-bayan nan suna yin gwajin ne bayan an kashe mota da kimanin awa 5, da wani ɗan famfo da ke kusa da kanista. Idan ruwan inji bai sauko ƙasa da digiri 35 ba, sai ta jira ƙarin awa 2, in bai sauko ba ta ƙara jiran awa 2 da rabi. A watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai, motar da ke ajiye a fili da rana ba za ta ga wannan sanyi ba, sai dai cikin dare zuwa asuba. Don haka in ka ji wani ɗan gurnani daga ƙarƙashin motarka da tsakar dare alhali tana kashe, ba wani abu ba ne, gwajin take yi. Littafin motar ma ya ambaci wannan ƙara.

Abin yi shi ne ka bar man ya zauna wajen rabin tanki, ka ci gaba da harkokinka na 'yan kwanaki. In ba ka son jira, a goge lambar da kwamfuta. Idan murfin ne, ba za ta dawo ba. Idan ta dawo da lamba iri ɗaya bayan mako ɗaya ko biyu, kafar tana wani wuri.

Ba zan iya cire kan batir kawai ba?

Za ka iya, kuma a motoci da yawa wutar za ta mutu. Amma ka share lambar ba ka karanta ba, ka kuma share abin da kwamfutar ta koya game da injinka, shi ya sa wasu motocin silonsu ke rikicewa na ɗan lokaci bayan an mayar da batir. Rediyon wasu Honda kuma zai kulle ya nemi lambar sirri, wadda mai motar Kwatano ba kasafai yake da ita ba.

Wane irin murfi zan saya?

Wanda aka yi don motarka, da shekararta. Murfin ba marufi ba ne kawai, a cikinsa akwai ɗan bawul da ke buɗewa idan matsi ko zuƙa ya wuce kima, kuma tsawon zarensa da kaurin robarsa sun bambanta daga mota zuwa mota. Murfin Corolla na iya shiga bakin wata motar har ya yi ƙara, amma bai toshe ba. In za ka Kofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Apo a Abuja, tafi da tsohon a hannu da lambar shasin motar, ka jera su ka gani.

A ganina sabo na ainihi ya fi, ko da ya ɗan fi tsada, domin abu ne da ake saya sau ɗaya a shekaru. Na hannu da aka ciro daga wata motar ba laifi idan robarsa tana da rai, sai dai ka tuna shi ma ya sha shekarunsa. Wanda nake gudu shi ne mai arhar nan da ake cewa yana shiga kowace mota. Shi kansa yana iya zama dalilin kamawar wuta, har mutum ya cire murfi daga zargi ya tafi yana canza abubuwa masu tsada. Mai makulli, wanda ake saya don gudun masu zuƙe mai, shi ma sai an tabbatar na wannan motar ne. In ƙofar tankinka daga ciki ake buɗe ta, ba ka ma buƙatarsa.

Murfina ya ɓace. Zan iya toshewa da leda ko tsumma kafin in samu wani?

Kada ka sa tsumma. Yana shan mai ya zama lagwani a gefen motarka, zarensa kuma yana faɗawa ciki. Leda da roba ba sa hana tururi fita, ba kuma sa hana ruwan damina da ƙura shiga, su kuwa suna zuwa ne kai tsaye ga famfon mai. In mota ta yi hatsari ta kife, murfin ne ke hana fetur kwararowa. A nemo shi a ranar.

Idan ba murfin ba ne, ina kuma za a duba?

Bawul ɗin da ke kai tururi inji, wanda ke ƙarƙashin bonet, yakan maƙale a buɗe. Alamarsa sananniya ce: da ka sha mai ka zo tayar da mota sai ta yi ta gardama, ko ta tashi tana rawa na ɗan lokaci. Bawul na biyu yana baya kusa da kanista, shi kuma ƙura da laka ne ke kashe shi. Idan shi ko kanistar suka toshe, za ka ga famfon gidan mai yana ta katsewa alhali tanki bai cika ba.

Akwai kuma abubuwan da suka zama ruwan dare a motocinmu. Na farko, canjin famfon mai. Ana buɗe tanki ta ƙarƙashin kujerar baya, a gama aiki a mayar da tsohuwar roba a karkace, ko a bar ƙusa ɗaya ba a ɗaure ba. In wutar ta kama jim kaɗan bayan irin wannan aiki, kuma kana jin warin mai cikin mota idan ka cika tanki, nan za a fara dubawa. Na biyu, motocin da suka yi hatsari ta baya a can aka gyara su a nan. Mai gyaran jiki ba ruwansa da tiyon da ya tsage ko kanistar da ta fashe. Na uku, motocin da suka fito daga jihohin arewacin Amurka, inda ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara, wuyan tankinsu yakan yi tsatsa har ya huje. Ɓeraye ma suna cin tiyo idan mota ta daɗe a ajiye.

Hanyar gano kafar ita ce gwajin hayaƙi. Ana tura farin hayaƙi mara ƙarfi cikin tsarin a haska da tocila, inda ya ɓullo nan ne ramin, kamar yadda mai faci ke tsoma tib a ruwa yana neman inda kumfa za ta fito. Ba kowane gareji ke da na'urar ba, amma nemanta ya fi canza kaya ɗaya bayan ɗaya bisa zato. Kada a yarda wani ya hura tankin da iskar kwamfuresa, tana fasa abubuwa.

Gaskiya ne cika tanki har baki yana ɓata wani abu?

Gaskiya ne. Idan famfo ya katse da kansa, tanki ya cika. Sararin da ya rage a sama na tururi ne da kumburin mai idan ya yi zafi. Ƙarin da ake yi don kuɗi su cika daidai, ko girgiza mota don ta ƙara ɗauka, yana tura ɗanyen mai cikin kanista, ita kuwa tururi aka yi ta ta sha. Gawayin ya jiƙe, ya farfashe, gutsattsarinsa su bi tiyo su toshe bawul. Haka in ana ɗura maka da jarka da mazurari a bakin hanya, a tsaya kafin man ya taso wuya.

Motata ba ta da murfi sam, haka ta zo. Ita fa?

Ford ta fara yaɗa irin wannan bakin tanki tun wajen 2008, wasu kamfanoni kuma suka biyo baya. Wani ɗan faifai ne mai sifirin a ciki yake rufewa da kansa. Ƙura takan hana shi zama daidai, sai wuta ta kama. Irin waɗannan motoci suna zuwa da farin mazurari na roba a but; soka shi ka zare sau da yawa, ka goge bakin. Da shi kuma ake ɗura mai daga jarka, domin tura tiyo ko sanda da ƙarfi yana lalata faifan.

Zan iya ci gaba da tuƙi da wutar a kunne?

Idan tana tsaye, an karanta lamba an ga ta tururin mai ce, motar kuma tana lafiya, za ka iya zirga-zirgarka har ka samu lokacin gyara. Ba za ta kashe inji ba. In kana jin warin fetur mai ƙarfi ko ka ga yana ɗiga, wannan kuma zancen gobara ne, a tsaya a duba.

Idan wutar tana kiftawa, ba murfi ba ne ko kaɗan. Inji ne ke misin sosai, ɗanyen mai yana wucewa cikin salansa yana ƙona katalis. Sassauta totur, ka samu wuri ka tsaya.

Matsalar barin ta a kunne wata da watanni ita ce fitilar ɗaya ce tak, matsalolin da take wakilta kuwa ɗaruruwa ne. Muddin tana kunne saboda murfi, ranar da wani abu mai tsada ya fara lalacewa ba za ka ga wani canji a gabanka ba. Wannan ne ma ya sa cire ƙwan fitilar ko liƙe ta da baƙin salatif, wanda wasu ke yi kafin su sayar da mota, ya zama cuta ga mai saye. In za ka sayi mota, murɗa makulli zuwa inda fitilu ke kamawa ba tare da ka tayar da inji ba. Dole wutar cek injin ta fito tare da sauran, sannan ta mutu bayan inji ya tashi. In ba ta fito ba sam, an taɓa ta, sai a jona kwamfuta kafin a yi maganar kuɗi.